Jan mepul, Autumn Blaze, mai sukari ko mai azurfa: wanne za ka dasa don inuwa a gidanka na Amurka?

Duk wanda ya mallaki gida mai fili a Maryland, New Jersey, Ohio ko Jojiya ya san yadda ranar watan Yuli ke dukan bangon yamma daga azahar har magariba, na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki, kuɗin wuta yana hawa. Maganin da ya fi araha kuma ya fi daɗewa shi ne bishiyar inuwa. Idan ka je wurin masu sayar da dashe, musamman a watan Oktoba, abin da za su fara nuna maka shi ne dangin mepul, kuma wanda ya fi jan ido shi ne jan mepul, wanda Turawa ke kira red maple, masana tsirrai kuma Acer rubrum. Kusa da shi za ka ga 'yan uwansa uku: Autumn Blaze, mepul mai sukari da mepul mai azurfa. A tukunya duk kamarsu ɗaya. Bayan shekara goma sha biyar ne bambancin ke fitowa, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

Abin da zan tsaya a kai shi ne wannan: jan mepul bishiya ce mai kyau ƙwarai, amma ƙasar gidanka ce za ta yanke hukunci a kansa, ba jan ganyen da ka gani a kaka ba.

Abubuwan da za a auna

Na farko, ƙasa. Ana auna tsaminta da ma'aunin pH: 7 tsaka-tsaki ne, abin da ya gaza 7 ƙasa ce mai tsami, abin da ya haura kuma mai farar ƙasa ce. Kusan kowace ƙaramar hukuma a Amurka tana da ofishin malaman gona da ke ƙarƙashin jami'ar jiha, kuma sukan auna samfurin ƙasa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa dala 10 zuwa 25. Ka ɗebo ƙasa daga wurare huɗu ko biyar a inda kake son dasawa, zurfin inci 6 zuwa 8, ka gauraya, ka aika. Wannan ɗan aikin ya fi duk wata shawara da mai shago zai ba ka.

Na biyu, fili. Waɗannan bishiyoyi manya ne, kuma saiwarsu kan bi sama-sama. Na uku, saurin ba da inuwa. Na huɗu, ƙarfin itace: guguwa da ƙanƙarar da ke daskarewa a kan rassa su ne ke jarraba bishiya a wannan ƙasa, kuma reshen da ya karye a kan rufi ko mota ba ƙaramin asara ba ne. Sai ɗawainiya da kuɗi, tun daga saye har zuwa ranar da za a sare ta.

Akwai kuma yanayin sanyi. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta raba ƙasar zuwa shiyyoyi bisa tsananin hunturu: ƙaramar lamba ta fi sanyi, babba ta fi ɗumi. Birnin New York yana shiyya ta 7, Atlanta ta 8, Houston ta 9. Lambar shiyyar tana rubuce a takardar da ke rataye jikin dashe.

Ka fara tabbatar da abin da kake saye

Mutane da yawa suna cewa suna son "mepul ja", sai a miƙa musu wata bishiya dabam. Jan mepul na ainihi ganyensa kore ne duk lokacin zafi; furensa na watan Maris, tsinken ganyensa, da ganyen kansa a kaka su ne ja. Idan ka ga bishiya mai ganye ja-ja mai duhu a watan Yuni, to ko dai Crimson King ce, wadda nau'i ce ta mepul ɗin Norwe, ko kuma mepul ɗin Japan. Na Japan ƙarami ne, ado ne ba inuwa ba. Na Norwe kuwa yana mamaye dazuzzuka har jihohin Massachusetts da New Hampshire sun hana sayar da shi. Gane shi ba wuya: ka tsinke ganye, in farin ruwa kamar madara ya fito daga tsinken, na Norwe ne. Ka duba takarda ka ga an rubuta Acer rubrum.

Jan mepul

Asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne, daga Newfoundland ta Kanada har Florida, ya yi yamma zuwa Minnesota da gabashin Texas. Bishiyoyi kaɗan ne suka kai shi faɗin mazauni, shi ya sa yake rayuwa daga shiyya ta 3 zuwa ta 9. A gida yakan kai ƙafa 40 zuwa 60 a tsayi, wato mita 12 zuwa 18, rassansa su bazu ƙafa 30 zuwa 50. Yana ƙara ƙafa ɗaya zuwa biyu a shekara, don haka dashen da ya kai tsayin mutum zai fara ba da inuwar da za a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta cikin shekara takwas zuwa goma. Yakan rayu shekara 80 zuwa 100 a wuri mai kyau, ko da yake na cikin gari ba kasafai suke kai haka ba.

A daji, bishiyar fadama ce da bakin rafi. Wannan ne ƙarfinsa: in bayan gidanka akwai kwari da ruwa ke kwanciya kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama, inda wasu bishiyoyi ke ruɓewar saiwa, shi a nan yake jin daɗi. Yumɓu ma ba ya damunsa. Abin da ba ya so shi ne busasshiyar ƙasa mai zafi kusa da kwalta. Kada a ɗauke shi kamar darbejiya, da za a ba ta ruwa shekarar farko a manta da ita. In fari ya yi tsawo, gefen ganyensa kan ƙone, ya fara zubar da shi tun watan Agusta.

Babban rauninsa shi ne ƙasa mai farar ƙasa. Da zarar pH ya haura 7, saiwarsa takan kasa ɗaukar sinadarin manganis ko da yana nan cikin ƙasar. Alamar ita ce ganye ya koma ruwan ɗorawa, jijiyoyinsa kawai suka rage kore. Girma ya tsaya, ƙananan rassa su riƙa bushewa daga sama. Da yawa sukan zaci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, su yi ta zuba maganinsa a banza. Ana iya barbaɗa farar wuta don ƙara wa ƙasa tsami, ko a yi wa bishiyar allurar manganis, amma in ƙasar tana zaune ne a kan dutsen farar ƙasa, kamar yadda take a Dallas da wurare da yawa na yankin Chicago, aikin ba ya ƙarewa, kowace 'yar shekara sai an sake. Ko a jihar da ƙasarta ke da tsami, gefen harsashin gini da daɓen siminti yakan zama mai farar ƙasa saboda ɓaraguzan kankare da magina suka binne. Abin da jan mepul ya fi so shi ne pH 5.5 zuwa 6.5.

Rauni na biyu, saiwa. Tana bin sama, kuma bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin za ka gan ta a fili tana cin karo da injin yankan ciyawa, ciyawar kuma tana mutuwa a ƙarƙashin inuwa. Kada a sare irin wannan saiwa, kada kuma a binne ta da tarin ƙasa. A bar wa bishiyar da'irarta, a rufe da gutsattsarin ɓawon itace. A dasa ta aƙalla ƙafa 20 daga bangon gida, ƙafa 8 zuwa 10 daga daɓen shigar mota.

Na uku, ɓawonsa siriri ne yana ƙarami. Igiyar injin datse ciyawa in ta zagaye gindinsa sau biyu ko uku ta isa ta kashe shi. A hunturu kuma rana kan ɗumama ɓangaren kudu maso yamma na jikinsa, dare ya yi sanyi ya daskare, ɓawon ya tsage a tsaye. Farin abin naɗe bishiya da ake sawa a Nuwamba a cire a Afrilu, shekara biyu ko uku na farko, yana rage wannan.

Mai doki ya kula sosai. Ganyen jan mepul da ya yi yaushi ko ya bushe guba ne ga doki, yana lalata jajayen ƙwayoyin jini, kuma abin da bai kai kilo biyu ba yana iya kashe babban doki. Reshe ɗaya da iska ta karya ya faɗa cikin makiyaya ya isa.

Idan za ka saya, sayi mai suna, domin wanda aka shuka daga iri ba a san launin da zai yi ba, wani ma rawaya yake yi a kaka. Red Sunset, wanda aka fitar a Oregon a 1966, yana da kyakkyawan tsarin rassa kuma yana jure sanyi. October Glory, na New Jersey, yana jinkirin ja har ƙarshen kaka, don haka ya fi dacewa da Virginia zuwa Jojiya. A can arewa sanyi kan riga shi. Brandywine da Sun Valley maza ne, ba sa zubar da 'ya'ya masu fiffike da ke cika indararo su tsiro a ko'ina. Redpointe ya ɗan fi sauran haƙuri da ƙasar da tsaminta ya yi ƙaranci. Northwood na Jami'ar Minnesota an zaɓe shi ne don tsananin hunturu. Mutumin Houston kuma ya nemi nau'in Drummond, ɗan asalin fadamun kudu, domin wanda kakanninsa na arewa ne ba ya jure zafin gabar tekun.

Autumn Blaze

Wannan barbarar yanyawa ce tsakanin jan mepul da mai azurfa. Dangin ana kiransu Freeman, da sunan Oliver Freeman wanda ya haɗa su a 1933, kuma Autumn Blaze shi ne ya fi shahara a cikinsu. Yana iya ƙara ƙafa uku a shekara, ya kai ƙafa 40 zuwa 55, kuma jan da yake yi a kaka ba ya saɓa alkawari. Ya fi jan mepul jure fari da ƙasar da ta ɗan haura 7, ko da yake shi ma yakan yi rawaya in abin ya yi yawa.

Saurin nan yana da farashi. Rassansa kan fito a cunkushe, su miƙe sama kusa da uwar jiki, kusurwarsu a matse. A irin wannan mahaɗa ɓawo ne ke shiga tsakani maimakon itace ya haɗe, sai ta zama kamar an manna. Bishiyar tana ƙarama ba a ganin illa. Ranar da ta yi shekara goma sha biyar, iska mai ƙarfi ko nauyin ƙanƙara sai ya tsage ta biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a shekaru goma na farko, duk shekara biyu, a zaɓi kai ɗaya tilo da zai zama shugaba, a rage tsawon duk reshen da ke gasa da shi, a cire wanda kaurinsa ya wuce rabin na uwar jiki, a bar tazarar inci 12 zuwa 18 tsakanin manyan rassa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara guda. Wanda ya san ba zai yi wannan ba, kuma ba zai biya ƙwararre ya yi ba, gara ya haƙura da Autumn Blaze. Jan mepul ma yana buƙatar irin wannan gyara, sai dai bai kai haka tsanani ba.

Mepul mai sukari

Acer saccharum, wanda ake tatsar ruwansa a Quebec da Vermont a dafa ya zama zumar mepul. Kimanin lita 40 na ruwan ke ba da lita ɗaya. A inuwa da ƙarfin itace babu kamarsa a cikin huɗun. Yana kai ƙafa 60 zuwa 75, inuwarsa mai kauri ce, yana iya rayuwa shekara 200 ko fiye, kuma launinsa na kaka ya haɗa rawaya, ruwan lemo da ja.

Amma mai jinkiri ne, wajen ƙafa ɗaya a shekara, kuma yana da zaɓe. Yana son ƙasa mai zurfi, mai laima amma wadda ruwa ba ya kwanciya. Ba ya jure ƙasar da motocin gini suka danne, abin da ya zama ruwan dare a sababbin unguwanni. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana kashe shi a hankali, don haka bakin titi ba wurinsa ba ne. Zafin kudu ma yana wahalar da shi, sai dai nau'o'i irin su Legacy, da Caddo na Oklahoma, sun fi haƙuri.

Mepul mai azurfa

Acer saccharinum. Ya fi kowa sauri da araha, kuma araha ba ta ado. Itacensa gautsi ne, rassa na faɗuwa bayan kowace guguwa, saiwarsa na ɗaga daɓe tana kutsawa cikin tsofaffin bututun bayan gida ta duk inda ta sami tsaga. Garuruwa da dama sun daina yarda a dasa shi a bakin titi. A ƙaramin fili ban ga dalilin dasa shi ba.

| Abin dubawa | Jan mepul | Autumn Blaze | Mai sukari | Mai azurfa |
|---|---|---|---|---|
| Tsayi (ƙafa) | 40–60 | 40–55 | 60–75 | 50–80 |
| Ƙari a shekara (ƙafa) | 1–2 | 2–3 | kusan 1 | 2–3 ko fiye |
| Shiyyar sanyi | 3–9 | 3–8 | 3–8 | 3–9 |
| Ƙasa | mai tsami, mai laima | kusan kowace iri | mai zurfi, mai tsanewa | kowace iri, har mai ruwa |
| Kwanciyar ruwa | yana jurewa | yana jurewa | ba ya jurewa | yana jurewa |
| Ƙarfin itace | matsakaici | matsakaici, mahaɗa mai rauni | mai ƙarfi | mai rauni |
| Ɗawainiya | ruwa a fari, gyaran rassa | gyaran rassa akai-akai | kaɗan in wuri ya dace | kwashe rassa, gyaran bututu |
| Farashin dashe | matsakaici | matsakaici | ya ɗan fi tsada | mafi araha |

Kuɗi da girman dashe

Farashi yana bin gari da kaka, amma ga yadda abin yake a dunƙule. Ɗan dashe a tukunyar galan 5 zuwa 7 yakan kama daga dala 50 zuwa 150. Na galan 15 ya kan kai 150 zuwa 300. Babba wanda kaurin jikinsa ya kai inci biyu, wanda aka tono da dunƙulen ƙasarsa aka naɗe da buhu, ɗaruruwan daloli ne, kuma kuɗin kawowa da dasawa na iya kusan ninka shi. Sare babbar bishiyar da ta matsu da gida kuwa yakan haura dala dubu. Wato kuskuren wuri ya fi kuɗin saye tsada nesa ba kusa ba.

Shawarata ita ce matsakaici, mai kaurin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bishiyar da aka tono takan rasa mafi yawan saiwarta, kuma a yankin sanyi tana buƙatar kimanin shekara ɗaya ga kowane inci na kauri kafin ta kama ƙasa. Ƙaramin dashe yakan kamo babba cikin 'yan shekaru. Kafin ka biya, ka zare shi daga tukunya ka duba. In saiwa ta naɗe tana zagaye kamar gammo, ka ajiye ka ɗauki wani, ko ka yanke inci ɗaya na gefen dunƙulen gaba ɗaya kafin dasawa. Saiwar da ta zagaye gindi takan shaƙe mepul bayan shekara goma ko ashirin, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe shi a gidaje.

Dasawa, ko wanne ka zaɓa

Kwanaki kaɗan kafin haƙa, ka kira lamba 811. Kyauta za a zo a yi maka alamar bututun gas, ruwa da wayoyin da ke binne. In unguwarku tana da ƙungiyar masu gidaje, ka duba dokokinta. Ka ɗaga kai kuma ka duba wayar lantarki: babu ɗaya cikin huɗun nan da ya dace a ƙarƙashinta. Wurin da ya fi amfani shi ne yamma ko kudu maso yamma da gida. Da yake ganyen na zubewa a hunturu, rana za ta shigo ta ɗumama ɗaki a lokacin da ake buƙatarta.

Lokaci mafi kyau shi ne farkon kaka, ko Maris zuwa Afrilu kafin toho ya buɗe. A can arewa mai tsananin sanyi na biyun ya fi aminci. Rami ya yi faɗin dunƙulen saiwa sau biyu zuwa uku, amma kada ya fi shi zurfi. Ka share ƙasar saman dunƙulen har ka ga inda gindi ya fara buɗewa zuwa saiwa. Wannan wurin dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara da inci ɗaya. Zurfafa dashe ya kashe bishiyoyi fiye da ƙwari. Ka cire igiya, waya da buhu daga saman dunƙulen, ka mayar da ƙasar da ka haƙo ba tare da cika ramin da taki ba, ka ba shi ruwa ya ƙoshi. Sannan gutsattsarin ɓawo mai kaurin inci 2 zuwa 3, da'ira mai faɗin ƙafa uku ko fiye daga gindi, amma kada ya taɓa jikin bishiyar. Tulin da ake tarawa a gindi kamar suri yana ruɓar da ɓawo.

Ruwa kimanin galan 10 a mako ga kowane inci na kauri, a hankali, a raba shi biyu in zafi ya yi yawa, har shekara biyu. Turke sai in wurin mai iska ne, kuma a cire shi bayan shekara. In aka datse mepul a ƙarshen hunturu yakan yi ta zubar da ruwa. Ba ya cutar da shi, amma wanda ba ya son gani ya bari sai ganye ya gama buɗewa.

In unguwar ta riga ta cika da mepul

Ka leƙa layinku. Garuruwan Amurka sun taɓa cika tituna da bishiyar elm, cuta ta share su. Aka koma bishiyar ash, sai ƙwaron da aka gano a Michigan a 2002 ya kashe miliyoyi. Yanzu mepul ne ya yi yawa, kuma akwai ƙwaro mai dogon ƙaho daga Asiya, wanda aka fara gani a Brooklyn a 1996, da ya fi son mepul a kan komai. Inda ya ɓulla, sare bishiyar ake yi. Akwai kuma cutar Verticillium da ke zaune cikin ƙasa: in wani mepul ya taɓa mutuwa da ita a gidan, kada a mayar da ɗan uwansa a wurin. A irin wannan hali bishiyar oak ta fadama, Quercus bicolor, wadda aka dasa a dandalin tunawa da harin 11 ga Satumba a New York, tana jure laima da yumɓu, itacenta ya fi ƙarfi, tana kuma daɗewa. Ita ma dai ba ta son ƙasa mai farar ƙasa sosai.

Wa ya dace da wanne

In sakamakon gwaji ya nuna pH 6.5 ko ƙasa da haka, wurin yana riƙe laima, kuma kana da tazarar ƙafa 20 daga gini, ɗauki jan mepul mai suna: Red Sunset daga New York zuwa arewa, October Glory daga Maryland zuwa kudu, Brandywine ko Sun Valley in ba ka son sharar 'ya'ya.

In pH yana wajen 7 ko ya ɗan haura, ko kana gaggawar inuwa saboda yara ƙanana da bango mai zafi, Autumn Blaze zai yi, da sharaɗin ka ɗauki alkawarin gyaran rassa na shekara goma. In ya kai 7.5 zuwa sama, ka bar su duka biyun, ka tambayi malaman gonar yankinku bishiyar da ke son irin wannan ƙasa. Bishiyoyin bur oak da hackberry suna cikin waɗanda za su ambata.

In filinka babba ne, ƙasar ba a danne ta ba, nesa da gishirin titi, a jiha mai sanyi, kuma gidan na zama ne har 'ya'ya da jikoki, mai sukari ya cancanci jiran. Mai azurfa sai ga mai gona ko fili mai faɗi a bakin rafi, ƙafa 50 ko fiye daga kowane gini da bututu. Mai ajiye dawaki ya nisanta jan mepul daga makiyaya, kuma ya yi taka-tsantsan da sauran ukun.

Mai tunanin kai irin gida Kano, Zinder ko Kumasi ya adana kuɗinsa. Waɗannan bishiyoyi suna buƙatar watannin sanyi na gaske kafin su sake toho yadda ya kamata, kuma ba za su jure rani mai tsawo ba. A can, cediya, maɗaci, mangwaro da darbejiya sun fi su ba da inuwa, kuma ana samun dashensu a kusa.